Bayan Kuɗin Fansa: Ciwon Firgita da Maganinsa a Tambuwal da Kebbe

Idan aka sako mutumin da ɓarayin daji suka yi garkuwa da shi, a ƙauyukan Kebbe ko na Tambuwal, kowa ya san abin da ke biyo baya. Gida ya cika da 'yan barka, a kai shi babban asibitin gari a duba kumburin ƙafa da zazzaɓi, a yi masa ƙarin ruwa in da hali, a raba sadaka, liman ya yi addu'a. Sannan manya su yanke hukuncin da ba a musu a kansa: kada wanda ya sake tayar masa da zancen daji, abin da ya wuce ya wuce. Daga nan hankalin gida ya koma kan bashin da aka ci da shanun huɗar da aka sayar aka haɗa kuɗin fansa. A yi wata uku, a yi wata shida, kumburi ya sace, jiki ya murmure, amma matarsa ta san da takalmi yake kwana. Ƙarar babura biyu a jere ta isa ta sa ya bar akushin tuwo ya faɗa bayan rumbu. Gonarsa ta bakin daji ya bar wa ƙanensa, kasuwa ya daina zuwa, yaro ya yar da kwano sai ya rufe shi da dukan da bai taɓa yi masa ba. Maƙwabta su ce tun da ya dawo ba shi ba ne.

Wannan hali ciwo ne sananne a likitance, mai alamomi da sanadi da magani. Asibitoci na kiransa PTSD, wato ciwon firgita mai ɗorewa bayan mummunan abu ya sami mutum. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, shirun nan da muke yi wa mai ciwon da sunan tausayi da kara yana da amfani a makonnin farko, amma in ya zarce, shi ke raya ciwon. Maganin da bincike ya fi tabbatarwa kuwa magana ce mai tsari a gaban wanda aka horar, kuma ba dole ne wanda aka horar ɗin ya zama likita ba. Idan wannan ya tabbata, uzurin da aka saba bayarwa, cewa ai babu likitocin ƙwaƙwalwa a kudancin Sakkwato, ya rage ƙarfi ƙwarai.

Likitoci sun fara lura da ciwon sosai ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da sojoji suka riƙa dawowa daga fagen daga ba rauni ko ɗaya amma suna karkarwa, ba barci, wasu ma bakinsu ya ƙi magana. An daɗe ana zarginsu da ragwanci. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin kundin cututtukanta. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya taƙaita shi a kan alamomi uku da suke haɗuwa. Abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, a mafarki ko ido biyu. Ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, wuri ne ko mutum ko zance ko tunanin kansa. Jikinsa kuma ya kasance kullum cikin shirin gudu, gaba na faɗuwa, ƙaramin motsi ya zabura. Sai alamomin sun ɗauki makonni, galibi fiye da wata guda, sun kuma hana mutum sana'a ko zaman iyali, sannan a kira shi ciwo. Kundin ya ware wani nau'i mafi tsanani ga wanda ya daɗe cikin azaba babu hanyar tsira, irin wanda ya yi watanni ɗaure a dabar ɓarayi. Shi wannan, ban da waɗancan alamomi, yakan raina kansa, fushinsa ko baƙin cikinsa ya fi ƙarfinsa, ya kasa sakin jiki da kowa.

Dalilin da ya sa shiru ke cutarwa yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye abin tsoro. A lokacin haɗari, wani ɗan sashe nata mai suna amigdala shi ke karɓe ragama, ya sa zuciya bugu, ya shirya jiki don gudu ko faɗa. Abin da aka gani a wannan hali ba ya shiga ma'ajiyar tunani a jere, da farkonsa da ƙarshensa, yadda labarin bikin bara yake shiga. Gutsattsari yake zama: warin fetur, hasken tocila a fuska, wata murya, sanyin ƙasa a kumatu. Duk sa'ad da ɗaya daga cikinsu ya gifta, jiki ya ɗauka abin ne ya dawo. Mutum ya kauce, ya ji sauƙi nan take, sauƙin nan kuma ya koya wa ƙwaƙwalwa cewa kaucewar ce ta cece shi. Gobe ya ƙara kaucewa. Yau hanyar gona ce, jibi kasuwa, gata ƙofar gida, har duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya. Tamkar ƙaya ce ta karye a tafin ƙafa, fata ta rufe a kanta. Mai ita ya koyi ɗingishi don kada ya taka wurin, 'yan gida su share masa hanya, kowa na ganin taimako yake yi, ita kuwa tana ciki tana tara ruwa.

Kada a fahimci wannan a kan cewa duk wanda ya firgita ya kamu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na mutane za su gamu da mummunan abu a rayuwarsu, amma kashi 5.6 daga cikinsu ne kawai ciwon ke kamawa. A daren 25 ga Disamba 2025, da Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, ɓaraguzan makami sun faɗo a gefen garin Jabo cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, ba a rasa rai ba. Wanda ya ga wannan ya yi kwanaki barci na yi masa wuya, lafiyarsa ƙalau, jiki ne ke aikinsa, kuma yawanci abin kan lafa da kansa. Inda lissafi ke sauyawa shi ne wurin yaƙi da tashin hankali, nan adadin ya haura kashi 15. Cutarwar da ɗan Adam ya yi da gangan ta fi ambaliya ko haɗarin mota barin tabo, fyaɗe ya fi kusan komai, kuma abin da ya maimaitu ya fi wanda ya faru sau ɗaya. Gabashin jihar ne ya fi shiga labarai, da kisan kasuwar Goronyo a Oktoba 2021 da ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamba na wannan shekara. Amma Kebbe na iyaka da Zamfara ta wajen Gummi, ƙauyukanta sun sha hare-hare da satar mutane, kuma wanda ya tsere daga can sau da yawa gidan dangi yake sauka, ba sansani ba, inda babu jami'in da zai rubuta sunansa balle ya tambaye shi yadda yake kwana.

Mai wannan ciwo ba ya zuwa asibiti ya ce tsoro ke damunsa, musamman namiji. Cewa zai yi kansa na sara, ƙirjinsa na zafi, jikinsa ya mutu, ba ya barci. A auna jini a ce hawan jini ne, ko a ce olsa ce, ko a sake rubuta masa maganin maleriya da taifot. Mafi yawa ma ba sa kai wa asibiti, a kemis suke tsayawa. Mai kemis ya yanko masa diyazifam daga kati ya ce ya sha ɗaya da dare. Daren farko ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba, ya yi ta sa albarka. Bayan 'yan makonni ɗaya ba ta isa, in kuma ya bari, rashin barcin ya dawo fiye da da. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan bai wa wanda ya fito daga tashin hankali irin wannan ƙwaya, domin ba ta warkar da ciwon, ga kuma jaraba. Matashi kuwa tiramol yake komawa, ko wiwi, sai gari ya sa masa ido a matsayin ɗan ƙwaya, a manta da abin da ya gani kafin ya fara.

Hanyoyin da suka fi cin jarabawar bincike duk sun haɗu a abu guda: a koma kan abin da ya faru, a hankali, a wuri amintacce, tare da wanda ya san aikin, har ƙwaƙwalwa ta mayar da shi labarin da ya wuce. Wata hanyar na sa mutum ya maimaita labarin yana kuma tunkarar wuraren da yake gudu mataki-mataki. Wata na gyara hukuncin da ya yanke wa kansa, irin su da ban aiki yaron gona ba da yana raye, ko ni yanzu ba mutum ba ce. Wata na haɗa tunawa da motsa idanu hagu da dama. Yawanci zama takwas ne zuwa goma sha shida, sau ɗaya a mako. Wadda na ga ta fi dacewa da ƙauyukanmu ita ce ta ba da tarihin rai, wadda masana daga jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara, aka gwada ta a sansanonin 'yan gudun hijira a Yuganda. A zaman farko ana shimfiɗa igiya a ƙasa, bakinta ɗaya ranar haihuwa, ɗaya bakin a bar shi a naɗe, domin kwanakin da ke gaba. Mai ciwo ya bi igiyar yana ajiye fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane abin baƙin ciki. Sannan a riƙa ɗaukar duwatsun ɗaya bayan ɗaya: wace rana ce, me ka gani, me ka ji a jikinka, sai me ya biyo baya. Mai taimakon ya rubuta, ya karanta masa a zama na gaba, ya gyara. Ba a bukatar mai ciwo ya iya karatu. A ƙarshe dutsen daji ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ke kan igiya, da fure kafinsa da fure bayansa. Ƙwayoyi irin su satralin da fuloksetin suna taimakawa, musamman in akwai ciwon damuwa tare, amma sai an yi makonni ana sha kafin a ga aikinsu, kuma a hannun ma'aikacin lafiya ake karɓarsu.

A nan dole a yi wa al'adarmu adalci. An taɓa yayin tara waɗanda bala'i ya shafa a kwanakin farko, a sa kowa ya zayyana abin da ya gani a zama guda. Bincike ya nuna wannan ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yana ƙara shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da shi ba. Abin da ta shimfiɗa a jagoranta na 2011 shi ne a tabbatar mutum ya tsira, a ba shi ci da sha da wurin kwana, a saurare shi in ya so magana, kada a matsa masa, a haɗa shi da danginsa. Wannan kusan shi ne abin da tsohuwa a Dogon Daji ko Kuchi za ta yi ba tare da an koya mata ba. Jaje da zaman makoki da kawo abinci daga maƙwabta kariya ce ta gaske, domin samun mutane a kusa na cikin manyan abubuwan da ke hana firgita zama ciwo. Kuskurenmu ɗaya ne, hukuncin mako biyu muke mayarwa na har abada.

Akwai masu cewa mumini ba ya irin wannan ciwo, duk wanda ya kasa mantawa tawakkalinsa ne da rauni. Wannan magana ta fi kowace cutarwa, domin tana ɗora wa mai ciwo laifi a kan ciwonsa, kuma ba ta da madogara mai ƙarfi ko a addinin. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, ba a kuma cire shi daga masu kyakkyawan haƙuri ba. Fiye da shekara dubu da suka wuce malami Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da razana, ya kuma ba da shawarar a riƙa saba wa mai tsoro da abin da yake tsoro sannu a hankali. A wannan ƙasa tamu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Haƙuri hali ne na zuciya game da hukuncin Allah, zabura kuwa aikin jijiya ne, mutum na iya cika na farko alhali na biyu bai sake shi ba. Su kuma masu cewa iskokin daji ne suka biyo shi, ba sai an ci su da gardama ba. Addu'a da ruƙiyya na kwantar wa mai imani hankali, ba wanda ya ce a bari. Abin da ba za a lamunta ba shi ne duka da mari a ƙafa da turaren barkono, domin wanda ɓarayi suka ɗaure, in aka sake ɗaure shi da sunan magani, dajin aka mayar da shi.

Suka mafi nauyi daga cikin likitocin kansu ta fito. Derek Summerfield ya rubuta a 2001 cewa an mayar da wahalar yaƙi cuta, an kwashi ma'aunin Turawa an ɗora wa mutanen da abin da suke nema shi ne abinci da adalci da komawa gida. Akwai gaskiya a ciki. Manomin da aka hana shi gonarsa, ko aka sa masa harajin girbi, tsaro yake bukata kafin komai, kuma gwamnatin da ta aiko masu ba da shawara ta bar ɓarayi a daji ta raina wa mutane hankali. Sai dai sukar ta tsaya a rabin hanya. Ba kowa ake cewa a yi wa magani ba, tsirarun da ciwon ya kayar ake nufi, su kuwa ko an raba musu taki da iri ba za su iya taka gonar ba. Mafarkin da ke tayar da tsohon sojan Amurka cikin gumi shi ne ke tayar da matar da aka sako daga daji, ko da ita za ta kira shi faɗuwar gaba.

To, yaya za a ce wa mutum haɗari ya wuce alhali bai wuce ba? Wannan ce tambayar da ta fi dacewa da Kebbe, kuma an gwada amsarta a wurin da ya fi nan muni. A gabashin Kongo, cikin ƙauyukan da ba a daina kai wa hari ba, Judith Bass da abokan aikinta sun yi bincike da mata fiye da 400 da aka yi wa fyaɗe, aka buga sakamakon a 2013. Wasu ƙauyuka an yi musu zaman rukuni na gyaran tunani, wasu tallafin da aka saba. Masu jagorantar zaman mataimaka ne 'yan yankin, ba likitoci ba, matan kuma da yawa ba su yi boko ba. Wata shida bayan kammalawa, kashi 9 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka yi zaman ke da sauran alamun ciwo mai tsanani, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 42. An ga makamancin haka a Peshawar ta Pakistan a 2016, da zama biyar kacal a hannun mutanen da aka horar. Maganin ba ya cire wa mutum taka-tsantsan, kuma bai kamata ya cire ba. Yana raba masa tsakanin babur ɗin ɗan acaɓa da rana tsaka da jerin babura cikin dare.

Saura batun ma'aikata. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, arewa da birnin Sakkwato, daga Tambuwal kuwa tafiyar kimanin kilomita 100 ce kafin a kai birnin, daga Kebbe ta fi haka. Gidan da ya sayar da shanunsa ba zai iya wannan zirga-zirga duk mako ba, ga kuma sunan da ake liƙa wa duk wanda aka ce an kai shi Kware. Amma a takarda an daɗe da warware wannan. Tun 1991 ƙasar nan ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, kuma a Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin ta 1958. A aikace ma ɗan ƙasar nan ne ya nuna wa duniya hanya: a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya buga bincike a 2020 da ya nuna cewa in ma'aikatan ƙananan asibitoci suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. Wancan ciwo daban ne, amma darasin ya shafe mu, tun da a Sanyinna ko Jabo zauren malam ake fara zuwa, kuma malamin da ya san alamomin nan uku zai iya cewa a ci gaba da addu'a, a kuma je asibiti.

Mata ne ciwon ya fi kamawa, su ne kuma shirun ya fi danne wa. Wadda ta dawo daga hannun ɓarayi, ana zargin abin da ya same ta amma ba mai furtawa, ita ma ba za ta faɗa wa namiji ba ko da likita ne, wani lokaci ma saki ke jiranta. Duk shirin da ba a horar da mata ma'aikatan lafiya da ungozomomi da malaman Islamiyya mata a cikinsa ba, rabin masu ciwon bai gani ba. Haka 'yan sa-kai da suka ɗebo gawawwaki ko suka kashe da hannunsu, da Fulanin da aka ƙone wa ruga cikin ramuwar gayya, waɗanda kunya irin tasu ta fi ta kowa hana kuka.

Abin da ake nema daga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin biyu bai fi ƙarfinsu ba: a horar da ma'aikata biyu a kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa, ɗaya ta zama mace, likitocin Kware da na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su riƙa duba aikinsu ko ta waya ce, a ware ɗaki mai ƙofa inda magana ba ta fita. Kai kuma mai karatu, in a gidanku akwai wanda ya haura wata guda da dawowa har yanzu yana zabura, yana gudun hanya, mafarki na tayar da shi, kada ka matsa masa ya yi magana, kada kuma ka hana shi in ya fara. Ka raka shi asibiti, ka gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ya same shi, ba ciwon kai kaɗai ba. In kuwa ya fara cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar.